FASHIN BAƘI: Ina kuɗin matasan Sakkwato ke zurarewa, kuma me zai toshe ɓarakar?

A watan Afrilun 2019, lokacin da aka sanya hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, ana sayar da litar fetur naira 145. Albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci zai sayi lita 206 ke nan. A Yulin 2024 aka ɗaga albashin zuwa naira 70,000, amma kafin ƙarshen Oktoban shekarar litar fetur ta haura naira 1,000, sabon albashin ya kasa sayen lita 70 cikakku. Kuɗin da ke shiga aljihu ya ninka har da ɗori, man da yake iya saye kuwa ya koma kashi ɗaya cikin uku.

Wannan lissafi shi ne rayuwar yau da kullum a unguwa irin Minanata da ke cikin birnin Sakkwato, inda ƙaramin ma'aikacin gwamnati, da ɗalibi, da mai shagon POS, da tela, da ɗan kabu-kabu ke zaune ƙofa da ƙofa. Yawancinsu matasa ne, suna da waya, da yawansu suna da asusun ajiya a cikinta, kuma kusan kowannensu yana da amsa guda idan aka tambaye shi labarin kuɗi: suna shigowa, ba sa zama. Wannan bayani ya bi sawun kuɗin, domin rarrabe abin da ke hannun matashi da abin da ke wuyan hukuma.

Abin da ya sauya tun 2023

Girgiza uku suka faɗa wa aljihun ɗan Sakkwato cikin shekara guda. Ta farko ita ce sauyin fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sanar a Oktoban 2022, wanda ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023 har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. Ta biyu ita ce janye tallafin fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, sai kuma sakin farashin naira a kasuwar canji cikin watan Yuni. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ta uku ta fi shafar Sakkwato kai-tsaye: rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ya tsayar da hada-hada tsakanin Illela da Birnin Ƙonni har zuwa Maris ɗin 2024, lokacin da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Da hukumar ta sabunta ma'auninta, adadin Janairun 2025 ya koma kashi 24.48, kuma ya ci gaba da sauka a watannin da suka biyo baya. Sai dai saukar wannan adadi na nufin farashi ya rage gudu ne kawai. Ko da hatsi da fetur suka ɗan sauko daga baya, kuɗin haya, da na makaranta, da na magani, da na mota sun tsaya inda suka hau.

Duk wannan ya tarar da jihar a kan gargara. Rahoton talauci mai fuskoki da dama da NBS ta fitar a Nuwambar 2022 ya nuna kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, mutum miliyan 133, suna cikin talauci, kuma Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91. Matashin da ya samu aiki ko sana'a a birni, mafi yawanci yana da dangi a bayansa waɗanda ke cikin wannan adadi.

Mallakar asusu daban, lafiyar aljihu daban

Masana harkar kuɗi suna auna lafiyar aljihun mutum da tambayoyi huɗu. Shin abin da yake samu yana kai shi ƙarshen wata ba tare da bashi ba? Idan larura ta faɗo, rashin lafiya ko lalacewar babur, zai iya tunkararta cikin 'yan kwanaki? Yana ajiye wani abu domin buri mai nisa, kamar aure, fili ko jari? Kuma ya san inda kuɗinsa ke tafiya?

Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna abu biyu masu karo da juna. Yawan manyan da ke amfani da wata hanyar hada-hadar kuɗi ya ƙaru daga kashi 68 a 2020 zuwa kashi 74. Amma waɗanda za a iya cewa aljihunsu na da lafiya sun ragu daga kashi 28 zuwa kashi 16. Yankin Arewa maso Yamma ne ya fi kowane yanki yawan waɗanda ba su da wata alaƙa da harkar banki, kusan rabin manyansa. Darasin a fili yake: buɗe asusu ya yi sauƙi, abin da za a bari a cikinsa ne ya yi wuya.

Albashi ɗaya, baki goma

Littattafan koyar da tanadi da ake rubutawa a Amurka da Ingila suna ɗaukar mutum a matsayin mai ci shi kaɗai. A Sakkwato albashin saurayi ko ribar budurwa mai sana'a abin gida ne. Akwai cefanen iyaye, da kuɗin makarantar ƙanne, da ɗan'uwan da matsalar tsaro ta koro daga gabashin jihar, da gudummawar biki da suna, da anko. Wannan zumunci shi ne inshorar da al'umma ta gada, domin wanda ya bayar yau shi za a kai wa gobe. Matsalar tana tasowa ne idan hidimar ba ta da iyaka kuma ba ta cikin lissafi, ta yadda kowace buƙata ke zuwa kamar gobara.

Aure ne babban misali. Sadaki a shari'a abu ne mai sauƙi, amma lefe, da kayan ɗaki, da gara, da kwanakin shagali su ne ke cinye tanadin shekaru, su bar ango da iyayen amarya cikin bashi tun kafin a tare. Lamarin ya kai ga a 2023 Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta zartar da dokar taƙaita kashe kuɗi a bukukuwan aure, suna da kaciya. Doka irin wannan tana da wuyar aiwatarwa, domin abin da ke tura mutum ga almubazzaranci tsoron bakin mutane ne, shi kuwa ɗan sanda ba ya kama shi.

Dabarar da ta fi aiki ita ce a mayar da hidimar dangi wani kaso sananne na abin da ake samu, a ware shi tun ranar da kuɗi ya shigo, a kuma sanar da gida iyakarsa. Wanda ya ba mahaifiyarsa adadi tsayayye kowane wata ya fi amfanarta a kan wanda ke bayar da yawa wata guda, ya ɓace wata biyu.

Adashi, asusu da ɓarawon da ba a gani

Adashi ya girmi kowane banki a ƙasar Hausa, kuma har yau shi ne hanyar tara kuɗi da ta fi karɓuwa, musamman ga mata. Ƙarfinsa tilas ne: ranar zubi ba ta sauraron uzuri. Amma yana da lissafin da ba kowa ke yi ba. Idan mutum goma na zuba naira 10,000 kowane wata, mai ɗaukar farko ya karɓi rancen naira 90,000 babu ruwa, mai ɗaukar ƙarshe kuwa shi ya bayar da rance. A shekarar da farashi ke hawa da kashi 30, naira 100,000 ɗin da ya kwasa a wata na goma ba za ta sayi abin da ta saya wa na farko ba. Saboda haka adalci shi ne a riƙa juya jerin ɗauka daga zagaye zuwa zagaye, a kuma rubuta sunaye da ranaku a gaban shaidu, domin idan uwar adashi ta karye ko wani ya ɗauka ya gudu, babu hukumar da za ta biya.

Mai adashin kullum da ke zagaya kasuwa yakan ɗauki zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa. Hakan ya haura kashi 3 cikin 100 a kowane wata. Mai zubi yana biyan wannan ne domin a raba shi da kuɗinsa kafin ya kashe, kuma ga mutane da yawa cinikin ya yi daidai, muddin sun san farashinsa.

Kuɗin da aka ɓoye a asusun katako ko ƙarƙashin katifa shi ne hauhawar farashi ta fi yi wa ɓarna. Naira 100,000 da aka ajiye a Disambar 2023, zuwa Disambar 2024 ƙarfinta ya koma na wajen naira 74,000. Ajiyar banki ma ba ta tsira ba. Ƙa'idar CBN ita ce mafi ƙarancin ruwan ajiya ya zama kashi 30 na ma'aunin ruwan babban bankin, wanda ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, wato kashi 8.25 a shekara. Wannan bai kai rubu'in hauhawar farashin lokacin ba, kuma Musulmi da yawa ba sa karɓarsa tun asali. Shi ya sa Basakkwace ya saba ajiye dukiyarsa a rago, ko buhun gero, ko albasa a rumbu. Hikima ce, amma tana da nata haɗarin: dabba na mutuwa, albasa na ruɓewa, farashin hatsi na iya faɗuwa kamar yadda ya yi a 2025, kaya kuma na iya ƙonewa, kamar yadda gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ta nuna.

Ƙananan ramukan da ke cikin waya

Ƙarancin kuɗi na 2023 ya tura miliyoyin mutane zuwa manhajoji irin su OPay, PalmPay da Moniepoint, har mai shayi da mai agwagwa da buje suka koma karɓar tiransifa. Sauƙin ya zo da kuɗaɗen da ba a ji wa ciwo sai an tara su. Tun 1 ga Disambar 2024 harajin naira 50 kan kowace tura kuɗi ta naira 10,000 zuwa sama ya shafi waɗannan manhajoji. Daga Maris ɗin 2025 cire naira 20,000 a na'urar ATM ta wani banki ya koma naira 100. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. Idan mai POS na karɓar naira 100 kan kowace 5,000, wanda ke cire albashin naira 70,000 kaɗan-kaɗan ya biya naira 1,400 kafin ya sayi komai.

Ramin da ya fi zurfi shi ne manhajojin rance. Suna bayar da kuɗi cikin mintuna ba tare da jingina ba, shi ya sa matashin da wata ya yi masa nisa ke ganinsu kamar agaji. Lissafinsu ne ke tona asiri. Wanda ya karɓi naira 20,000 domin ya biya 24,000 bayan mako biyu ya biya kashi 20 a kwana 14, wanda idan aka shimfiɗa shi a shekara ya kai kashi 520. Da yawa kan ci sabon bashi domin biyan tsoho, har su tara manhaja biyar ko shida a waya ɗaya. Wasu kamfanonin sun riƙa aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke cikin wayar wanda ya makara. Wannan ne ya sa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta wajabta musu rajista a 2022, kamfanin Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan masu amfani da su daga ƙarshen Mayun 2023. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai bambanci tsakanin bashin da ya sayi keken ɗinki da wanda ya sayi data.

Neman arzikin dare ɗaya

Idan aiki ya gaza ciyar da mai yin sa, caca kan fara kama da dabara. Shagunan cacar ƙwallo sun koma cikin waya, inda babu mai gani balle ya yi faɗa. Tsarin cacar an gina shi ne yadda jimillar abin da kamfani ke biya ba za ta kai abin da yake karɓa ba, don haka wanda ya daɗe yana yi, asara ce makomarsa. Naira 500 a kullum ta kai naira 182,500 a shekara, fiye da albashin wata biyu da rabi na ƙaramin ma'aikaci. A Nuwambar 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin na jihohi ne. Tun daga nan alhakin tsara harkar ko hana ta ya koma kan majalisun jihohi, har da ta Sakkwato.

A 2024 kuma guguwar "mainin" ta mamaye Arewa. Bayan Notcoin ta fashe a watan Mayu wasu suka samu kuɗi, sai dubban matasa suka kwashe watanni suna dannan fuskar waya. Da Hamster Kombat ta raba nata a ƙarshen Satumba, abin da akasari suka samu bai taka kara ya karya ba. Asarar a nan ta lokaci ce da data da caji, kuma ga mai shekara 22 watanni huɗu sun isa a yi nisa a koyon gyaran waya ko haɗa sola.

Mafi muni su ne kamfanonin "zuba kaɗan, kwashi da yawa". MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, kuma Hukumar Inshorar Ajiyar Banki, NDIC, ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX, wadda ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kimanin wata guda, ta rushe da dukiyar jama'a, Hukumar Kula da Hannayen Jari, SEC, ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Lissafin firamare ya isa ya fallasa irin wannan alƙawari: naira 10,000 da ke ninkawa kowane wata za ta zama kusan miliyan 41 a shekara ɗaya, ta haura biliyan 167 a shekara biyu. Babu kasuwancin da ke yin haka. Kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da shi, ranar da shigowa ta ragu kuwa ramin ƙarya ya ƙure. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu kafa irin wannan tsari. Hukuncin ba ya dawo da kuɗin wanda aka cuta.

Hanyoyin da ke akwai, har ga mai gudun riba

Gudun kuɗin ruwa na cikin dalilan da ke nesanta mutanen Sakkwato da banki, amma yanzu akwai zaɓi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dukkansu a kan tsarin da babu ruwa. Tun 2017 Gwamnatin Tarayya ke sayar da Sukuk, wanda ake gina hanyoyi da kuɗinsa a riƙa biyan masu zubawa kuɗin haya, kuma ana iya shiga da naira 10,000. Akwai asusun adashin aikin Hajji da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar tare da Jaiz a 2020. Masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa suna da tsarin ƙaramin fansho da aka buɗe a 2019, wanda ke ba da damar cire wani kaso na abin da aka tara idan larura ta taso.

Ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantun gwamnati, asusun lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 na kashewa a wata, babu ruwa. Bashi ne duk da haka: ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 na abin da mutum ke samu.

Kafin ajiye kuɗi a ko'ina, tambaya biyu sun wadatar: wace hukuma ce ta ba wurin lasisi, kuma wa zai biya idan ya rushe? Tun Mayun 2024 NDIC ke lamunce ajiya har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, wannan lamuni ne ya tsaya wa ƙananan masu ajiya. Masu kuɗi a CBEX ba su da irinsa.

Tsarin da ya dace da mai ƙaramin samu ba shi da sarƙaƙiya. Ya rubuta duk abin da ya kashe na wata guda, domin mafi yawan mutane ba su san nawa data da abin hawa ke ci musu ba. Ya ware wani kaso, ko da kashi 5 ne, ranar da kuɗi ya shigo, a wurin da hannu ba ya saurin kaiwa. Ya fara tara kuɗin larura na wata ɗaya kafin tunanin zuba jari. Ya biya bashin da ya fi tsada da farko. Ga mai sana'a kuma, ya raba aljihun jari da na cefane, domin haɗa su ne ke kashe yawancin ƙananan shaguna.

Inda tarbiyyar kuɗi ta tsaya

Akwai haɗari a mayar da talauci laifin talaka. Wanda samunsa bai kai kuɗin abincinsa ba, babu darasin tanadi da zai cece shi, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda gwamnatin Sakkwato ta sanar da fara biya daga Janairun 2025, ya shafi masu aikin albashi ne kawai, alhali mafi yawan matasan birnin suna cin abinci ne daga kasuwa, da babur, da sana'ar hannu. Haka sassaucin sabuwar dokar haraji, wadda ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko a shekara daga Janairun 2026, ya fi amfanar wanda ke cikin rajista.

Wasu ramukan kuma hukuma ce kaɗai ke iya toshe su. Fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita, shi ya sa kwanciya asibiti sau ɗaya ke share tanadin shekara. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Sakkwato kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA, da Hukumar Zakka da Waƙafi. Tambayoyin da suka dace matasa su riƙa yi wa masu neman ƙuri'arsu a bayyane suke. Mutum nawa daga cikin masu sana'ar hannu aka shigar tsarin lafiyar, kuma nawa suke biya? Nawa aka ware wa koyar da sana'a da jarin matasa a kasafin kuɗi, nawa aka saki, su wa suka amfana? Wane mataki majalisar jiha ta ɗauka kan caca tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli? Me ake yi domin manomin gabashin jihar ya koma gonarsa, tunda farashin abinci a birni daga can yake farawa?

Matashin Minanata yana da iko a kan littafin lissafinsa, da manhajar da zai sauke a wayarsa, da girman bikin da zai yi. Farashin fetur, da darajar naira, da tsaron hanyar gona kuwa ana yanke su ne a ofisoshin da ƙuri'a ke cikawa. Kashi 16 ɗin da EFInA ta samu da lafiyayyen aljihu ba zai ƙaru ba sai an gyara ɓangarorin biyu tare.